"Man-child": Yadda Sunan Jariri Ya Koma Zagin Ƙato

Yau a kan wata kalmar Turanci za mu tsaya, wadda nake yawan ganin 'yan'uwanmu mata na jifan maza da ita a Facebook: man-child. Wato ƙato da gemunsa, amma hali na yara.

Asalinta fa ba zagi ba ne. A fassarar Baibul ta Sarki James da aka buga a Ingila a 1611, ɗa namiji kawai take nufi. A 1965 Claude Brown, wani baƙar fata ɗan Amurka, ya fitar da littafinsa Manchild in the Promised Land a kan tasowarsa a unguwar Harlem ta birnin New York. Shi nasa man-child ɗin kishiyar na yau ne: yaron da talauci da rayuwar titi suka ɗora wa kayan manya tun bai kai ba.

Hoton namijin da ya ƙi girma ya bazu ne sosai a 1983, lokacin da masanin halayyar ɗan'adam Dan Kiley ya buga The Peter Pan Syndrome. Ya ari sunan ne daga yaron nan da ba ya girma a wasan kwaikwayon J. M. Barrie na 1904. Likitocin ƙwaƙwalwa dai ba su sa abin a jerin cututtuka ba, laƙabi ne kawai. A Yunin 2025 kuma Sabrina Carpenter ta saki waƙarta Manchild, kalmar ta ƙara cika wayoyi.

Mu a nan muna da tuzuru da gwauro, amma aure suke aunawa. Mutanen Kano sun san Nalako da kamun gwauro a tashen azumi. Ita man-child ba ruwanta da aure, hali take aunawa. Mai mata biyu ma na iya cin sunan: ya sakar wa matarsa cefane da kuɗin makaranta, yana majalisa har sha biyun dare, an yi magana ya kumbura ya kai ƙara wurin Hajiyarsa. Wannan kam ya cancanta.

Inda ban yarda ba shi ne a liƙa ta wa saurayin da ya gama bautar ƙasa, aiki ya gagara, yana kwana a shagon ƙofar gidansu. Wallahi da yawansu su ke biyan kuɗin makarantar ƙannensu da ɗan abin da suka samo a Keke Napep, su ke kwana asibiti da mahaifiya. In ma dole sai an kira irin wannan saurayin man-child, to na Claude Brown ne.