Sojojin Ko-ta-kwana: Suna Cikin Doka, Ba Sa Nan Ranar Ambaliya



Duk wanda ya kai shekara talatin a garin Gombe yana iya tuna ambaliyar watan Agusta na 2004, lokacin da ruwa ya gangaro daga tudun yamma, ya cika kwaruruka, ya rushe gidaje, ya tafi da rayuka. Waɗanda suka fara shiga ruwa a ranar ba hukuma ba ce. Maƙwabta ne da matasan unguwa da 'yan agaji, da igiya da tsani da shebur. Ba don zargin kowa muka faɗi haka ba. Muna so ne mu bi tarihi mu ga yadda aka yi ƙasa mai dubban tsofaffin sojoji ta rasa rundunar da za ta kira cikin sa'a guda idan masifa ta faɗo.

Sojan ko-ta-kwana shi ne mutumin da ya sami horon soja amma yana zaune a gidansa, yana nomansa ko kasuwarsa ko aikin ofis. Lokaci zuwa lokaci ana kiransa ya sabunta horo, idan buƙata ta taso kuma ya sa kaki ya fito. Misalin da aka fi sani shi ne National Guard na Amurka, wanda asalinsa ke komawa ga 'yan sa-kai na Massachusetts a 1636. A al'adarsu mutum yana ba da ƙarshen mako ɗaya a wata da mako biyu a shekara. Abin da ya fi muhimmanci shi ne gwamnan jiha yana da ikon kiransu da kansa idan gobara ko ambaliya ta auku, ba sai ya jira shugaban ƙasa ba. Da guguwar Katrina ta nutsar da birnin New Orleans a watan Agusta na 2005, an tara musu dakaru kimanin 50,000 daga jihohi daban-daban. Ko can ɗin ma an yi ta gunaguni, domin dubban dakarun jihar Louisiana suna Iraƙi a lokacin. Wato sojan da aka tura yaƙi ba ya gida ranar ruwa, ko a Amurka ne. Mu riƙe wannan, za mu dawo kansa.

A nan gida, sau biyu muna samun tarin mutane masu horo a hannu, sau biyu kuma muna barinsu su watse. Na farko bayan Yaƙin Duniya na Biyu ne, da kakanninmu suka dawo daga ƙasar Burma inda suka yi yaƙi cikin runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma. Da yawansu sun koyi tuƙin mota, ɗaurin rauni, kafa gada, aikin waya. Turawa suka sallame su, wasu suka shiga 'yan doka ko aikin En'e, wasu suka koma gona. A 1964 aka kafa ƙungiyar tsofaffin sojoji ta Nigerian Legion, amma aikinta kula da jin daɗin mazan jiya ne, ba shirya su don kai ɗauki ba. Shi ya sa har yau inda muka fi ganinsu shi ne bakin ƙofar makaranta ko ma'aikata suna gadi, sai kuma faretin ranar 15 ga Janairu.

Na biyu ya fi girma. Kafin yaƙin basasa na 1967 sojojin Najeriya ba su wuce kimanin 10,000 ba. Da aka gama yaƙin a Janairun 1970 sun kai wajen 250,000. Gwamnati ta ga ba za ta iya ciyar da wannan taro ba, don haka cikin shekarun 1970, musamman zamanin Murtala da Obasanjo, aka shiga rage su. A daidai wannan zamani ne fari na 1972 zuwa 1973 ya cinye amfanin gona da dabbobi a Arewa, abin da ya sa aka kafa hukumar ba da agaji ta ƙasa a 1976, wadda aikinta rabon hatsi da barguna ne bayan abu ya riga ya faru. To ga mutane masu horo ana sallama ta wannan ƙofa, ga hukumar agaji ana kafawa ta waccan ƙofa, ba a haɗa su ba. A ganinmu nan ne aka yi babbar asara.

Me ya hana? Mu dai muna ganin tsoro ne. Ƙasar da ta ga juyin mulki a 1966, 1975, 1983, 1985 da 1993 ba za ta so a ce akwai dubban mutane masu horon bindiga a warwatse cikin gari, suna da shugabanni, suna da ranar taro ba. Balle a ce gwamna ne zai riƙa kiransu. Tunanin abin da ya faru a tsohuwar Jihar Gabas kaɗai ya isa ya kashe wannan magana a Legas ta wancan lokaci. Tsarin mulkin 1999 ya gaji wannan tsoro. Sashe na 217 ya yarda soja ya taimaka wa hukumomin farar hula, amma sai shugaban ƙasa ya kira shi. Dokar rundunonin soja kuwa ta ambaci rundunar ko-ta-kwana ƙarara. Tana nan a takarda. Amma a duk ambaliyar da muka gani da idonmu, ba mu taɓa jin an yi shela an ce tsofaffin sojoji su hallara a wuri kaza ba.

Abin da aka yi a madadin haka shi ne NEMA, da aka kafa a 1999, da takwarorinta na jihohi wato SEMA. A tsarinta an ware wasu rukunonin soja a barikoki domin kai ɗauki idan masifa ta fi ƙarfin farar hula. Akwai kuma Sibil Difens, wadda ita ma 'yar yaƙin basasa ce, an fara ta a Legas a 1967 don koya wa mutane yadda za su kare kansu daga bama-baman jirgi, ba ta sami cikakkiyar doka ba sai 2003. Duk waɗannan ma'aikata ne na dindindin, ba ko-ta-kwana ba, kuma adadinsu bai kai girman masifun da muke gani ba. A ambaliyar 2012 NEMA ta ƙidaya mutum 363 da suka rasu da fiye da miliyan 2 da suka bar gidajensu. A 2022 mamatan sun haura 600.

Maiduguri ce ta nuna mana abin a fili. A daren 9 zuwa wayewar 10 ga Satumba 2024 madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, kamar yadda ta taɓa yi a 1994, ruwa ya shanye babban ɓangare na birnin, har katangar gidan yari ta faɗi, namun daji suka fita daga gidan zu. Kowa ya ga hotunan manyan motocin soja da kwale-kwale suna kwasar mata da yara daga kan rufi da gadoji, matasan gari suna taya su. Sun yi aikin da ya cancanci yabo. Sai dai mu tambayi kanmu, me ya sa sojoji suke da yawa haka a Maiduguri a wannan dare? Yaƙin Boko Haram ne ya tara su, runduna ta 7 da shalkwatar Operation Haɗin Kai duk suna can. Da a wani gari ne abin ya faru, da labarin ya sha bamban. Mu nan Gombe muna da barikin sojojin atilare na 301, amma soja na dindindin yau yana nan, gobe an tura shi daji. Matsalar Louisiana ke nan, da namu salo.

To su waye 'yan ko-ta-kwanarmu na gaskiya? 'Yan agajin Jama'atu Nasril Islam da na Izala da na Fityanul Islam, da 'yan Red Cross, da Boys' Brigade na coci-coci. Su ne suka ɗauki gawa da masu rauni a watan Yulin 2015 da bama-bamai suka tashi a babbar kasuwa da tashar Dadin Kowa. Suna da kaki, suna da fareti, suna da biyayya ga shugaba, ba a biyansu ko sisi. Abin da ba su da shi shi ne kayan aiki da horon ceto a cikin ruwa mai gudu, wanda aiki ne na daban, domin kwari idan ya cika ko gwanin iyo ba ya ja da shi. A ɗaya gefen kuma ga tsofaffin sojoji a cikin unguwanni, har da wannan unguwa tamu mai yawan 'yan fansho, wasu injiniyoyi, wasu ma'aikatan jinya, wasu direbobin manyan motoci, da yawansu da sauran ƙarfinsu. Babu mai tambayarsu komai sai ranar tantancewar fansho.

Gyara doka aikin majalisa ce a Abuja, kuma ba mu da ikon kafa runduna, ba ma neman kafawa. Maganar bindiga ba ta cikin wannan zance ko kaɗan. Abin da ke hannunmu shi ne takarda da biro. A taronmu na gaba za mu gabatar da shawarar a rubuta sunayen tsofaffin sojoji da 'yan sanda da ma'aikatan kashe gobara da na asibiti da ke zaune a Federal Low-Cost, waɗanda suka yarda, da abin da kowa ya iya. Sannan a haɗa su da shugabannin 'yan agaji na masallatai da coci-coci, a san gidajen da ke bakin magudanar ruwa, a san inda tsofaffi da marasa lafiya suke, a san wa yake da mota da wa yake da igiya da tocila. Bayan haka mu kai takardar ga mai unguwa da ofishin SEMA, mu roƙi a ba mu ko yini biyu na horo kafin ruwan Agusta.

Iyayenmu mazan jiya da ke karanta wannan, ko 'ya'yansu da za su karanta musu, muna roƙon ku halarta.

Sakataren Ƙungiya