Yadda Likitoci Suka Tashi Mai Ciwon Baya Daga Gado

A shekarar 1934 wasu likitoci biyu na birnin Boston a Amurka, William Mixter da Joseph Barr, suka wallafa bayanin da ya yi kusan shekara hamsin yana jan ragamar maganin ciwon baya. Sun nuna cewa faifan guringuntsin da ke tsakanin ƙasusuwan baya yakan tsage ya danne jijiya, kuma tiyata na iya raba su. Gaskiya suka faɗa, sai dai kaɗan daga cikin masu ciwon baya ne lamarin ya shafa. Duk da haka aka koma kallon kowane baya mai ciwo tamkar kayan da ya lalace, wanda ko dai a gyara shi da wuƙa ko a ajiye shi. Ajiyewar kuwa ita ce kwanciya, mako ɗaya ko biyu, ana jiran sauƙi.

Masu binciken zafin ciwo ne suka fara girgiza wannan fahimta. A 1965 Ronald Melzack da Patrick Wall suka kawo ra'ayin cewa saƙon zafi ba ya isa ƙwaƙwalwa kai tsaye. Akwai wata ƙofa a cikin laka da ke buɗewa ko ta rufe, kuma ƙwaƙwalwar kanta tana da hannu a wannan. A Jami'ar Washington da ke Seattle, masanin halayyar ɗan Adam Wilbert Fordyce ya gwada abin a aikace. Maimakon mara lafiya ya yi ta tafiya har zafi ya tsayar da shi, sai a yanka masa ɗan adadi da zai iya cikawa, ya tsaya idan ya cika, gobe a ƙara kaɗan. Da haka hutu ya daina zama ladan jin zafi, ya zama ladan kammala aiki. Littafinsa na 1976 yana cikin tushen abin da ake yi har yau.

Sauran hujjojin sun zo a jere. Binciken Richard Deyo na 1986 a jihar Texas ya gwada kwanciyar kwana biyu da ta kwana bakwai, aka tarar kwana biyar ɗin da aka ƙara ba su rage ciwo ba, sai jinkirta komawa aiki da suka yi. Shekara guda bayan haka Gordon Waddell, likitan ƙashi a Glasgow, ya yi kira da a riƙa duba tsoron mara lafiya da yanayin zamansa tare da ƙashinsa. Abin lura ne cewa mai yin tiyata ne ya faɗi wannan. A 1994 kuma aka ɗauki hoton MRI na mutum 98 da babu abin da ke damunsu a baya, sai ga fiye da rabinsu da faifai mai kumburi.

Wannan sakamako ya fi shafar tsofaffi. Da wuya a ɗauki hoton bayan ɗan shekara saba'in ba a ga alamar zaizayewa ba, kamar yadda da wuya a rasa furfura a kansa. Idan aka nuna masa hoton aka ce bayansa ya lalace, sai ya daina sunkuyawa, ya rage fita, tsoka ta yi rauni, ƙafa ta rasa ƙarfi, tsoron faɗuwa ya hau kan tsoron ciwo. A nan maganin gyaran tunani da ɗabi'a yake da aiki. Ba ya cewa ciwon ƙarya ne. Yana koya wa mutum bambance zafi da lahani, da raba aikinsa gwargwadon ƙarfinsa, da gyara barcinsa.

Cikas ɗin shi ne masu wannan horo kaɗan ne, kuma a manyan birane suke. Tun kafin annobar korona, Jami'ar Macquarie ta Ostareliya ta tsara darussan jure ciwo ta intanet, inda mara lafiya ke karantawa a gida, ƙwararre yana tuntuɓarsa ta waya ko saƙo. Kullen 2020 ya mai da wannan hanya ruwan dare, har likitocin gashin ƙashi suka koma kallon atisayen tsofaffi ta bidiyo. Tana da iyaka: na'ura ba ta gwada ƙarfin ƙafa, kuma ciwon da ya zo da rama, ko zazzaɓi, ko kasa riƙe fitsari, na asibiti ne ba tare da ɓata lokaci ba.

A watan Disamba na 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da jagorarta ta farko kan ciwon bayan da ya wuce wata uku, ta kuma ambaci tsofaffi musamman. Ta ce mutum miliyan 619 ne ke fama da ciwon baya a 2020. Ta goyi bayan motsa jiki da ilmantar da mara lafiya da gyaran tunani, ta kuma ja kunne kan ɗamarar ƙugu, da jan ƙashin baya da na'ura, da magungunan kashe zafi dangin ofiyom.