Ƙaunar Maƙiyi da Rikicin Arewacin Zamfara

Tun da layin dogo daga Zariya ya iso Ƙaura Namoda a 1929 ake samun Kiristoci a garin: ma'aikatan reluwe, 'yan kasuwa Ibo da Yarbawa, daga baya kuma malamai da ɗaliban kwalejin kimiyya da fasaha ta tarayya da aka kafa a 1983. 'Yan tsiraru ne, kuma rikicin da ya addabi yankin bai samo asali daga sabanin addini ba, domin manomin Zurmi da makiyayin dajin Shinkafi alƙibla ɗaya suke kallo. Duk da haka ina ganin akwai wata koyarwa a littafinsu da ta cancanci a auna ta da halin da muke ciki, wato umarnin ƙaunar maƙiyi.

Umarnin yana cikin Linjilar Matta sura ta 5 da ta Luka sura ta 6. Yesu Almasihu ya buƙaci mabiyansa su ƙaunaci masu gaba da su, su yi wa masu tsananta musu addu'a, ya kafa hujja da cewa Allah yana fito da rana, yana saukar da ruwa, a kan nagari da mugu baki ɗaya. Kalmar Girkancin da aka yi amfani da ita tana nufin nufar mutum da alheri ko da zuciya ba ta kwanta da shi ba. Martin Luther King ya tsaya a kan wannan bambanci a wa'azinsa na 1957 a Montgomery ta Amurka: ba a ce ka ji daɗin wanda ya zalunce ka ba, an hana ka neman halakarsa ne.

Suka mai ƙarfi tana nan, kuma ba na raina ta. Wa zai iya duban matar da ta sayar da gona da shanun noma, ta haɗa da sabon babur a matsayin kuɗin fansa, aka karɓa sannan aka ce ta je ta ɗauko gawar mijinta, ya ce mata ta ƙaunaci wanda ya yi haka? Mutanen yankin sun ɗanɗani abin da ake kira sassauci. Gwamna Bello Matawalle ya yi sulhu da 'yan bindiga a 2019, amma zuwa Satumban 2021 sai da gwamnati ta katse layukan waya ta rufe kasuwanni, a 2022 kuma aka tuɓe Sarkin Zurmi bisa zargin hannu a lamarin. Ƙauyuka da dama sai sun haɗa kuɗi sun kai daji kafin a bar su su girbe geron da suka shuka da hannunsu.

A nan ne nake ganin ana cakuɗa abubuwa biyu. Irin wannan sulhu ciniki ne da tsoro ya haifa, mai bindiga ne ke yanka farashi. Ƙaunar maƙiyi ba ta taɓa nufin a sakar wa azzalumi mara ba. Wajen shekarar 412, Agustin, bishof na Hippo a Aljeriya ta yau, ya rubuta wa jami'in Rumawa Marcellinus game da wasu da suka kashe wani limamin coci suka kuma nakasa wani. Bai nemi a sake su ba. Ya yarda a tsare su a hana su ɓarna, amma ya roƙi kada a kashe su ko a yanke musu gaɓa don ramuwa. Hukunci yana nan daram, ɗaukar fansa ce aka cire.

Wannan bambanci shi ne ya ɓace mana. Hausawa na cewa ramuwar gayya ta fi ta gayya zafi, kuma mun ga inda zafin ya kai mu. Lokacin da aka saci shanu aka kashe mutane, 'yan sa-kai da yawa ba su tsaya tantance ɓarawo ba. Bafulatanin da ya shigo kasuwar Alhamis ta Shinkafi da sandarsa don sayen gishiri da kanwa sai ya zama abin zargi, matar da ta saba ajiye ƙwaryar nono a bakin rumfa ta daina zuwa. Jagoran 'yan bindiga Bello Turji kansa da irin wannan labari yake kafa hujjar ta'asarsa. Hujjar ba ta wanke shi daga jinin da ya zubar, amma tana nuna yadda kowane kisan gilla ke samar wa daji sababbin mayaƙa. Wanda ya riƙe cewa maƙiyinsa mutum ne da Allah ke ciyarwa ba zai iya kashe yaro don laifin kawunsa ba.

Koyarwar tana da tsada. Michael Nnadi, ɗalibin limanci ɗan shekara 18 daga dayosis ɗin Sakkwato, wanda Zamfara ke ƙarƙashinsa a lokacin, an sace shi a Kaduna a Janairun 2020. Wanda aka kama da kisan ya ce yaron bai daina yi musu wa'azin su tuba ba. Michael bai tsira ba.

Musulmi ba baƙo ba ne a wannan fage, domin aya ta 34 ta Suratu Fussilat ta yi umarni da tunkuɗe mugunta da abin da ya fi kyau. A Kaduna, Fasto James Wuye ya rasa hannunsa a rikicin 1992, Imam Muhammad Ashafa kuma ya rasa malaminsa da 'yan'uwansa a rikicin guda, kowannensu yana jagorantar matasan ɓangarensa. An haɗa su a 1995, amma Wuye ya faɗa da bakinsa cewa ya daɗe yana aiki tare da Ashafa alhali zuciyarsa na raya masa ya kashe shi. Cikin abubuwan da suka fara karya masa gwiwa har da ranar da mahaifiyarsa ta kwanta a asibiti, Ashafa ya zo duba ta.