Daga Kaset Zuwa Memori: Yadda Satar Fasaha Ta Iso Mana Samaru Kataf

Mu da muka daɗe cikin sana'ar ɗaukar waƙa da sayar da ita tsakanin Samaru Kataf, Zonkwa da Kafanchan, mun shaida cewa duk sabuwar na'urar da ta shigo kasuwa, da irin satar da take tahowa da ita.

A shekarun 1980 rikoda mai cin kaset biyu ce ta fara. Mutum ɗaya zai sayi kaset ɗin Shata ko na Ɗan Maraya Jos, kafin mako ya zagayo an kwafe shi a unguwa duka, ba kuma wanda yake ganin laifi ne. Sai da mawaƙan ƙungiyar PMAN suka matsa lamba a Legas kafin gwamnatin Babangida ta kafa dokar haƙƙin mallaka mai lamba 47 a 1988, aka kuma buɗe hukumar kula da ita a 1989. Amma labarin dokar bai iso rumfunanmu ba.

Da finafinan Hausa suka kankama bayan fitowar Turmin Danya a 1990, Kasuwar Ƙofar Wambai ta Kano ta zama cibiya, daga can kaya suke zuwa mana. Tsarin cinikin nan ya cancanci a tuna da shi. Furodusa ba kaset yake sayarwa ba, kwali yake bugawa. Dila zai sayi kwalayen, ya karɓi uwar kaset, ya kwafa da kansa. Ribar furodusa ta tsaya ga yawan kwalin da ya shige. Saboda haka duk wanda ya iya buga jabun kwali, ko ya sayar da kaset tsirara, ya cinye masa kuɗi ke nan. Da faifan CD ya zo, kwafi ya ƙara sauƙi da araha. Daga baya wayar hannu ta ƙarasa aikin: masu tura fim da waƙa suka kafa tebur da kwamfuta a tasha da bakin kasuwa, a cika maka memori da ɗan kuɗi kaɗan. Shagunan faifai suka yi ta rufewa, har manyan masu shirya fim suka koma YouTube da tashoshi irin Arewa24, wadda ta fara aiki a 2014.

Waɗanda suka fi ba ni tausayi su ne namu na gida. Matan Zumunta za su yi wata da watanni suna karo-karo da koyon waƙa, su ɗauki mota zuwa situdiyo a Kafanchan ko Jos, su ƙaddamar da faifai a majami'a. Haka mawaƙan Tyap, Jju da Hyam, waɗanda masu sauraronsu dama ba su da yawa. Kafin su mayar da kuɗin da suka kashe, waƙar ta karaɗe wayoyi. Wani ma sai ya tarar da muryarsa a shafin wani a intanet, talla na shigo wa wancan. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Kuma sau da yawa uwar aikin tana hannun mai situdiyo, ba tare da an rubuta wa ke da ita ba.

Sabuwar dokar haƙƙin mallaka ta 2022, wadda Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Maris 2023, tana tare da waɗannan bayin Allah. Da zarar ka ƙirƙiri waƙa ta shiga faifai ko takarda, taka ce, ko ba ka yi rajista ba. Haƙƙin waƙa da littafi yana nan har shekara 70 bayan mutuwar mai shi, wato gado ne na 'ya'ya. Mai aiki yana da ikon neman a sauke abin da aka ɗora a intanet ba da izininsa ba. Sayar da haƙƙi kuma ba ya tabbata sai a rubuce.

Wannan na ƙarshen nake roƙon shugabannin Zumunta da matasan mawaƙanmu su riƙe. Kafin a kunna makirufo, a zauna a rubuta: wa ya tsara waƙar, wa ya biya, wa zai riƙe uwar aikin, yaya za a raba abin da ya shigo. A sa hannu a gaban shaidu, kowa ya tafi da tasa takardar. Ranar da rigima ta taso, da ita za a je gaban hukuma ko kotu.