Daga Mudu zuwa Muka'abi: Tarihin Awon Hatsi a Ƙasar Funtuwa da Malumfashi

Gabatarwa

Maƙasudin wannan takarda shi ne bin diddigin yadda awon hatsi ya sauya a ƙasar Funtuwa da Malumfashi, tun daga mudu har zuwa lissafin muka'abi, watau akwatin da tsawonsa da faɗinsa da zurfinsa suke daidai wa daida. Magana ce mai muhimmanci, domin a bakin ma'auni ne guminsa manomi yake komawa kuɗi.

Awo na gargajiya

Kalmar mudu daga Larabci aka aro ta. Littafin Risala na Ibn Abi Zaid, wanda ake karantawa a zaurukan malamanmu, ya bayyana cewa nisabin zakkar hatsi wasƙi 5 ne, kowane wasƙi sa'i 60, kowane sa'i kuwa mudun Annabi 4. Jimla mudu 1,200 ke nan. Amma mudun kasuwa da tiya ba su bin wannan ƙa'ida. Ƙwarya ce ko kwano da mutanen gari suka amince da shi, saboda haka tiyar wannan kasuwa takan ɗara ta waccan, kuma tsakanin cikawa da toro da shafe baki akwai riba mai yawa ga ɗan awo.

Zuwan sikeli da mita

Auduga ce ta fara kawo canji. Kamfanin auduga na BCGA, wanda aka kafa a Ingila a 1902, ya gina masana'antun gurzar auduga a Funtuwa da Malumfashi, hanyar jirgin ƙasa kuma ta ratsa Funtuwa ta isa Ƙauran Namoda a 1929. Auduga a kan sikeli ake sayenta, don haka manomi ya saba da awon nauyi. Bayan dokar awo ta 1974, wadda ta ɗora Nijeriya kan tsarin mita, sai Shirin Raya Aikin Gona na Funtuwa ya soma a 1975 da taimakon Bankin Duniya. Takin zamani ya shigo a buhu mai kilo 50, noman masara ya bunƙasa, aka kuma shiga gina ɗakunan ajiya masu kusurwa huɗu a gefen rumbunan laka.

Hikimar sabon tsarin, wanda Faransa ta kafa a 1795, ita ce ya rataya awon ciki a kan awon tsawo. Lita ɗaya ita ce abin da muka'abi mai gefen santimita 10 yake ci: 10 sau 10 sau 10, watau 1,000. Muka'abi mai gefen mita 1 yana cin lita 1,000, kimanin buhu 7 na masara mai kilo 100.

Daga ciki zuwa gefe

Mai gini kuwa daga baya yake ɗauko lissafin. Idan ana son ɗaki mai cin buhu 56, watau muka'abin mita 8, sai a nemi adadin da in an buga shi da kansa sau uku zai ba da 8. Amsa ita ce mita 2. A nan ne mutane da dama suke tuntuɓe: wanda ya ninka gefe biyu, ciki sau 8 ya ƙaru. Mai son ninki biyu kawai, gefen mita 1 zai mayar mita 1.26. Wannan matsala ta ninka muka'abi ta daɗe tana wahalar da masanan Girka, sai a 1837 Bafaranshe Pierre Wantzel ya tabbatar da cewa ba ta warwaruwa da rula da kamfas kaɗai.

Kammalawa

Har yanzu tiya ce take mulki a kasuwannin Bakori da Ɗandume, buhu da kilo kuma suna hannun manyan dillalai. Shawararmu ita ce malaman lissafi na yankin su riƙa sa ɗalibai su auna tiyar garinsu da lita, su kuma lissafa cikin ɗakin ajiyar gidansu. Ɗan manomin da ya iya wannan zai san adadin abin da mahaifinsa ya noma tun kafin a kai shi gaban ɗan awo.