Kafe Iyakar Bayanan Zanen Ƙididdiga Yayin Cusa Sabon Layi a Excel: Nazari

Gabatarwa

Aikin da a da ake yi da babban littafi da biro yau ya koma cikin kwamfuta da waya, har a tsoffin unguwannin birnin Zariya irin su Kusfa. Magatakardan makarantar Islamiyya yana shigar da kuɗin wata a Excel, ɗan kasuwa yana rubuta farashi, ɗalibin Jami'ar Ahmadu Bello ko Kwalejin Nuhu Bamalli yana haɗa alƙaluman bincikensa. Dukansu sukan ci karo da matsala guda: da zarar an cusa sabon layi, sai iyakar bayanan zanen da aka ɗora a kan alƙaluman ta zame daga inda aka ajiye ta. Abin da wannan nazari zai nuna shi ne, manhajar ba ta lalace ba. Bayanai take bi duk inda suka koma, alhali sau da yawa mai aikin wuri yake so a tsare masa.

Yadda matsalar take

Mu ɗauki mai sayar da hatsi a Kusfa da ke saro masara daga kasuwar Giwa. Yana rubuta kwanan wata a ginshiƙin A, farashin buhu a ginshiƙin B, sunayen ginshiƙan kuma a layi na 1. Sabon farashi a sama yake son ganinsa, saboda haka duk mako sai ya cusa layi a ƙarƙashin sunayen. Zanensa yana karanta B2 zuwa B13, wato makonni 12 na baya-bayan nan.

Abu uku ne ke iya faruwa. In ya cusa layin a saman B2, iyakar za ta koma B3 zuwa B14, farashin wannan mako ya tsaya a waje. In ya cusa a tsakiya, iyakar za ta miƙe ta zama B2 zuwa B14, makonni su zama 13. In kuwa a ƙasan B13 ya ƙara, iyakar ba za ta motsa ba, sabon bayanin ma ba zai shiga ba. Haɗarin yana nan: zanen ba ya nuna alamar kuskure. Bayan wata biyu yana nan tsaf, amma farashin da ya wuce yake nunawa.

Dalili

Tun daga VisiCalc, wadda Dan Bricklin da Bob Frankston suka fitar a 1979, har zuwa Lotus 1-2-3 a 1983 da Excel a 1985, ginshiƙin wannan fasaha shi ne lissafi ya ci gaba da zama daidai ko an sake tsarin shafi. Ba don haka ba, duk wanda ya ƙara layi ɗaya sai ya bi kowane lissafi ya gyara da hannu. Shi ya sa adireshi ke bin gurbinsa.

Bambancin kamar na masallaci ne. Wanda ya ce "sahun farko" wuri yake nufi, ko wa ya tsaya a ciki. Wanda ya ce "mutanen da ke sahun farko" su yake nufi, ko da an matsar da su baya. Excel ma'ana ta biyu take ɗauka.

A nan ne da yawa ke ruɗuwa da alamar dala. Ana ɗauka $B$2:$B$13 ya kafu ke nan. Alamar tana hana adireshi sauyawa ne kawai lokacin da aka kwafe lissafi zuwa wani gurbi. Ba ruwanta da cusa layi. Hujja kuwa, Excel da kanta take sa wannan alama a adireshin kowane zane, amma hakan bai hana shi zamewa ba.

Hanyoyin magancewa

Ta farko, a ƙirƙiri suna ta Name Manager, a ce Makonni12, a ba shi lissafin =OFFSET(Farashi!$B$1,1,0,12,1). Ma'anarsa: tsaya a B1, sauka layi ɗaya, ɗebi gurabe 12. Tunda ƙasan B1 ake cusa layi, shi ba ya motsi. Sai a sa sunan a madadin adireshi cikin zanen, tare da sunan shafi a gabansa, kamar Farashi!Makonni12. A yi wa ginshiƙin kwanan wata irin wannan, in ba haka ba farashi zai dace da makon da ba nasa ba. Illar OFFSET ita ce tana sake lissafi duk lokacin da aka taɓa wani abu a fayil, wanda kan nauyaya babban aiki a ƙaramar kwamfuta.

Ta biyu, a ba sunan lissafin =INDEX(Farashi!$B:$B,2):INDEX(Farashi!$B:$B,13). Ita ba ta da wancan nauyi, kuma lambobin 2 da 13 ba adireshi ba ne, don haka ba sa sauyawa. Sai dai in aka ƙara layin take a can sama da sunayen ginshiƙai, lissafin zai goce da layi ɗaya, alhali OFFSET za ta bi B1 ta zauna daidai.

Ta uku, wadda ta fi sauƙin ganewa, a buɗe wani shafi daban wanda ba wanda zai taɓa. A gurbin B2 a rubuta =INDEX(Farashi!$B:$B,ROW()), a ja shi zuwa layi na 13, a ɗora zanen a kansa. Wannan ta fi dacewa da fayil mai yawo tsakanin kwamfutar shago da waya, domin ba kowace manhaja ce ke karɓar suna mai lissafi a cikin zane ba.

In kuma buƙatar ita ce zane ya haɗa duk tarihin, kamar rajistar makaranta da ake ƙarawa a ƙasa, to kafewa ba ita ce magani ba. A mayar da bayanan tebur da Ctrl+T, tsarin da ya zo a Excel 2007, iyakar ta riƙa faɗaɗa da kanta.

Girman abin

Kuskuren iyaka bai bar manyan masana ba. A 2013, Thomas Herndon da malamansa Michael Ash da Robert Pollin na Jami'ar Massachusetts a Amurka sun gano cewa a binciken Carmen Reinhart da Kenneth Rogoff na 2010 kan bashin ƙasashe, iyakar wani lissafi ta tsaya kafin ƙarshen jeri, ta bar ƙasashe biyar a waje: Ostareliya, Ostiriya, Beljiyam, Kanada da Denmak. Kafin lokacin, 'yan siyasa sun riga sun kafa hujja da binciken wajen tsuke kashe kuɗin gwamnati.

Kammalawa

Kafin a taɓa kowane lissafi, a fara tantance abin da ake so zanen ya nuna: wasu bayanai takamaimai, ko wani wuri kafaffe, ko duk abin da ke shafin. Na farko Excel tana yi da kanta, na biyu sai da OFFSET ko INDEX, na uku kuma tebur. Ya kamata masu koyar da kwamfuta a Kongo da Samaru da cikin birnin Zariya su riƙa koyar da wannan tare da gwaji mai sauƙi: a cusa layi, a rubuta wata ƙatuwar lamba, a duba ko ta bayyana a zanen, sannan a goge ta.