Yadda ake kwashe tsofaffin alƙaluman likita zuwa sabon rumbun DHIS2

Masu sauraronmu na Gure da ƙauyukan kewaye, da ƴan uwa da ke ci-rani suna karanta mu ta waya, yau za mu yi bayani kan rajistan nan da ma'aikacin likita yake cikawa in kun kai yaro awo ko rigakafi. Ina rubutun yake zuwa, kuma me ake yi da tsofaffin alƙaluman da aka tara shekara da shekaru?

Mene ne rumbun bayanai?

A ƙarshen wata, kowace likita ta CSI takan haɗa lissafinta: yara nawa suka zo da zazzaɓin cizon sauro, mata nawa suka haihu, allurar ƙyanda nawa aka yi, magani nawa ya rage. Rahoton yakan tafi ofishin kiwon lafiya na gunduma a Gure, daga nan Damagaram, sannan ma'aikatar kiwon lafiya a Yamai. Wurin da ake tara waɗannan alƙaluma cikin kwamfuta shi ne rumbun bayanai.

A da, wasu alƙaluman na kan takarda, wasu na cikin kwamfutar ofis, kuma shirin zazzaɓi, na rigakafi da na tamowa kowanne da irin nasa lissafin. In kwamfuta ta lalace, ko mai ita ya canza wurin aiki, sai a yi ta nema. Yanzu Nijar, kamar Najeriya da ƙasashe fiye da 70, tana amfani da manhajar DHIS2 wajen tara su wuri guda.

Daga ina DHIS2 ta fito?

Asalinta Afirka ta Kudu ne, bayan faɗuwar mulkin wariyar launin fata a 1994, lokacin da aka so haɗe tsarin kiwon lafiyar da aka rarraba. Ta farkon an gina ta ne kan Microsoft Access, kowane ofis da nasa kwafin. Daga baya Jami'ar Oslo ta ƙasar Norwe ta jagoranci sake gina ta don ta yi aiki ta intanet. An fara amfani da sabuwar a jahar Kerala ta Indiya a 2006, Kenya kuma ta shimfiɗa ta a faɗin ƙasarta a 2011. Buɗaɗɗiyar manhaja ce: ba a biyan kuɗin lasisi, kuma duk mai ilimin abin yana iya duba yadda aka rubuta ta, ya gyara ko ya ƙara. Alƙaluman da ke ciki kuwa na ƙasar da ta tara su ne.

Yaya ake yin ƙaurar?

Kamar sauya wa hatsi rumbu ne, sai an sheƙe, an auna, kafin a zuba. Da farko akan ajiye kwafin tsohon rumbun gefe, don ko da wani abu ya ɓace. Sannan a daidaita sunaye. Ga misali a gida: wani ya rubuta Gouré, wani Gure, wani Tesker, wani Tasker. Mu mun san wuri ɗaya ne, amma kwamfuta sai ta ɗauka biyu ne. Shi ya sa ake ba kowace likita lamba ɗaya tak.

Sai batun iyakoki. Kafin 2011 Tasker tana cikin gundumar Gure, daga baya ta zama gunduma mai zaman kanta. Wanda ya kwatanta lissafin Gure na da da na yanzu bai cire likitocin Tasker ba, zai ga kamar cuta ta ragu, alhali ƙasar ce aka raba. Haka ma rukunin shekaru: in tsohuwar takarda ta haɗa yara ƴan ƙasa da shekara 5 wuri guda, sabuwa kuma ta raba su gida-gida, dole a tsai da yadda za a daidaita. A ƙarshe akan gwada jimillar tsohon rumbu da ta sabo. In ba su zo ɗaya ba, sai a koma a binciko inda aka zubar.

Me ya sa ake shan wannan wahala?

Na ɗaya, tsofaffin alƙaluma su ne ma'auni. Lokacin da sanƙarau ya ɓulla a jahar Damagaram a ƙarshen 2022 zuwa farkon 2023, musamman a Dungas, kwatanta shi da na shekarun baya ne ya nuna abin ya wuce yadda aka saba. Na biyu, in rumbu ɗaya ne mai tsari, masu ƙera manhaja ba sai sun faro daga tushe ba. Kan rumbun nan suke ɗora sabon aiki, kamar bin sawun yaron da bai kammala rigakafi ba. DHIS2 tana da manhajar waya da ake cikawa ko babu rezo, ta aika in an samu. Wannan kuwa ya dace da ƙauyukan Kelle, Bune da Alakos masu nisa.

Ina ruwanmu?

Da waɗannan alƙaluma ake ƙiyasta maganin zazzaɓi na damina, gidan sauro da allurar da za a aiko mana. Kula da yara ƴan ƙasa da shekara 5 kyauta, da aka fara a 2006, shi ma da lissafi yake tafiya. Yaron da ba a rubuta ba, ba a yi kasafi da shi ba.

Don haka, iyaye, ku adana karnen yaro, ku zo da shi duk zuwa likita, ku faɗi ainihin sunan ƙauyenku da shekarun yaron. Ƴan uwa na waje, in kun bugo waya gida ku tambaya ko karnen na nan. Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya.